Tambaya da amsa: Dillalin da na saba da shi zan bi, ko wanda ya fi sanin aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Kano, na haɗa kuɗin gadon mahaifina da ɗan abin da na tara na adashe, ina so in sayi ƙaramin gida in zuba 'yan haya. Yanzu dillalai biyu ne a gabana. Ɗaya abokin maigidana ne tun suna yara, ga fara'a ga ladabi, duk sanda na kira zai ɗauka, har gida yake zuwa mu gaisa, amma da na tambaye shi takardun gidan da ya nuna min sai ya ce kar in damu, mai gidan mutumin kirki ne. Ɗayan kuma abokiyar aikina ce ta haɗa ni da shi, an ce ya daɗe a harkar kuma ya san takardu sosai, amma gaskiya ba shi da sakin fuska, magana ɗaya biyu ya kashe waya, ni dai raina bai kwanta da yanayinsa ba. Wanne zan bi? Ina tsoron kar in ɓata tsakanin maigidana da abokinsa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa albarka a abin da ya bari. Bari in fara da inda ya fi damuna a cikin saƙonki, wato wannan kalmar ta “kar ki damu”. Kin tambayi takarda an amsa miki da halin mai gida, toh ai ba halinsa za ki saya ba, gidansa za ki saya. Ban ce abokin maigidanki macuci ba ne, wallahi yawancin asarar da nake gani a harkar nan ba daga macuta take zuwa ba, daga mutanen kirki ne waɗanda su kansu ba su bincika ba, wani dillalin ya faɗa musu gida lafiya yake su ma suka faɗa miki, kuma ke kunya ta hana ki matsa tambaya saboda mutumin gida ne.

Sabo da yarda ba abu ɗaya ba ne. Kin saba da shi, kin san ba zai ɗauki kuɗinki ya gudu ba, wannan babban abu ne kuma ban raina shi ba. Amma ko ya san yadda ake gane gidan da aka jinginar a banki? Ko gidan gadon da magada uku suka yarda a sayar, na huɗun yana Legas bai ma sani ba? Telar da kike jin daɗin hirarta in ta ɓata miki atamfa haƙuri za ki yi ki sayi wata, amma kuɗin gado sau ɗaya yake zuwa. Ki tuna abin da ya zo a Suratul Ƙasas, da ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta haɗa, mai ƙarfi kuma amintacce. Ba a ɗauki ɗaya an bar ɗaya ba. Don haka shi ma na biyun da ake yabon ƙwarewarsa ba wai ya tsira ba ne, gwanin da ba shi da amana ya fi kowa haɗari, dan shi ya san inda zai ɓoye matsala.

Ga abin da ya sa nake nacewa a kan takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama da amfani ne, shi ne ake ba da satifiket a kansa, wanda aka fi sani da C of O, yawanci na shekara 99 in na gidan zama ne. Kuma dokar ta ce in za a sayar ko a jinginar da irin wannan wuri sai an nemi amincewar gwamna. Ba magana ce ta fatar baki ba, a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewar. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, wato hukumomin da ke ajiye bayanan filaye, nan ake zuwa a binciki fayil a ga sunan wa ke kai, akwai bashin harajin ƙasa ko babu, an jinginar ko an soke. In kuma gidan a unguwar awon igiya yake, wadda ba gwamnati ce ta yanka ba, toh galibi ba za ki samu satifiket ba, sai takardun ciniki na hannu da shaidar mai unguwa ko dagaci, a nan sai an bi sarƙar tun daga mai gonar farko, wa ya sayar wa wa, su waye shaidu, suna raye ko sun rasu. Ana saye a irin waɗannan unguwanni kullum kuma ana zaune lafiya, amma ki san abin da kike saye, kuma farashin ya nuna hakan.

Toh yanzu maimakon ki zauna kina auna wa ya fi daɗin mu'amala, ki ɗora su duka biyun a sikeli ɗaya. Ki ce wa kowanne ya kawo miki kwafin takardun gidan kafin a yi maganar kafin alƙalami. Ki ce kina so ki zauna da mai gidan ido da ido, ke da maigidanki ko wani ɗan'uwanki namiji. Ki tambaya dillalai nawa ne tsakaninki da mai gidan, dan sau da yawa gida ɗaya sai ki samu mutum huɗu biyar a layi, ga 'yan kayi-nayi a gefe, kowa ya ɗora nasa, mai gida ya ce miliyan 18 kafin magana ta iso kunnenki ta zama 21. Ki tambayi la'ada nawa ce kuma wa zai biya, abin da aka fi ji a sayarwa kashi 5 cikin 100 ne, a haya kuma kashi 10, amma yarjejeniya ce, a yi ta tun farko a rubuta. Sannan ki ce masa, Malam faɗa min aibin gidan nan guda ɗaya. Wannan tambayar tana tona abubuwa da yawa. Babu gidan da ba shi da aibi, wanda ya san aikinsa kuma yake tsoron Allah zai ce miki layin yana cin ruwa da damina, ko rijiyar tana ƙafewa da bazara, ko transifomar unguwar ta daɗe a lalace. Wanda ya ce babu komai, ko bai duba ba ko ba ya so ki sani.

Kuma ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Ki dubi ƙasan katanga, in kika ga sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai sama kuma tsoho, ki shafa hannu ki ji ko da danshi, yawanci sawun ruwa ake rufewa. Ki ɗaga kai ki ga ko babbar wayar wuta ta ratsa ta saman gidan, ki duba ko akwai jan fenti na hukumar tsara birni, alamar gargaɗi ko rusau, a gidajen layin. Ki shiga maƙwabta ki gaisa da matan gida, ke mace ce kina da wannan damar da dillali ba shi da ita, su ne za su gaya miki dalilin da ya sa ake sayarwa da kuma ko akwai rigima a kai. In gidan gado ne sai kin ga takardar rabon gado ta kotu ko sa hannun dukkan magada, in akwai marayu ƙanana a ciki kuwa kar ki taɓa sai da izinin kotu.

Game da na biyun, rashin sakin fuska shi kaɗai ba laifi ba ne, akwai mutane da dama haka Allah ya yi su kuma aikinsu tsaf. Amma kar ki watsar da abin da ranki ya gaya miki gaba ɗaya. Jituwa tana da amfani a ciniki, amfaninta shi ne ki iya tambaya ba tare da fargaba ba, a amsa miki ba tare da an nuna kin cika naci ba. In mutum yana kashe waya kafin ki gama magana, ko yana gaggauta ki da cewa akwai wani Alhaji da zai biya gobe, ko ya ƙi yarda lauyanki ya ga takarda, toh ƙwarewarsa ba ke za ta amfana ba. Ki nemi ya haɗa ki da mutum biyu da ya taɓa sayar wa gida shekaru biyu ko uku da suka wuce, ba na watan jiya ba, dan matsalar gida ba ta fitowa a satin farko. In ya ce shi ƙwararren mai kimanta kadara ne, akwai hukumar da ke musu rajista, ESVARBON, wadda aka kafa a 1975, ki nemi lambarsa. Yawancin dillalan unguwa ba sa cikinta kuma hakan bai sa su zama marasa gaskiya ba, amma wanda ya yi iƙirari ya nuna shaida.

In kika ce lallai in zaɓa miki a kan abin da kika faɗa, zan karkata ga na biyun, da sharaɗin ya ci waɗancan tambayoyin. Amma ko wanne kika bi, ki ɗauki lauya naki na kanki wanda ba dillalin ne ya kawo shi ba, shi zai yi bincike ya rubuta takardar miƙa mallaka, in akwai shakka kan iyaka a kira safiyo. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, ba asusun dillali ba ko da ɗan'uwanki ne, a gaban shaidu.

Maganar zumunci kuwa, ki bar maigidanki ya yi ta, shi ya san bakin abokinsa. Ya ce masa kuɗin gado ne, amana ce, an yanke shawarar duk gidan da za a saya sai lauya ya duba takardunsa, ko wa ya kawo shi. Kinga ba a zarge shi da komai ba, kuma ƙofa a buɗe take, in ya kawo takardu suka fita tas shikenan ki saya ta hannunsa ki biya shi la'adarsa cif. Abu ɗaya ne zan ja kunnenki a kai, gidan da shi ya fara nuna miki kar ki zagaya ta bayansa ki saya ta hannun wani, wannan haƙƙinsa ne. In wani gidan daban kika saya ta hannun na biyun, ki ba shi ɗan tukuici na zirga-zirgar da ya yi da man da ya ƙona. In takardun sun zo hannunki kuma wani abu ya shige miki duhu, ki sake turo tambaya mu duba tare.