Amsa ga mai son sayar da 600D ya koma ful-firem

Ƙanina, ka ce kana da kyamara Canon 600D, hotunanka ba sa burge ka, wai ko ka sayar da ita ka ciwo bashi ka sayi ful-firem, wato kyamara mai babbar sensa, tunda an ce maka girman sensa, abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, shi ne komai. To bari in ba ka nawa labarin, na fi shekara goma ina ɗaukar hoton biki a Kano, kuma da irin kyamararka na fara.

Duk wanda ya ce maka babu bambanci ya yi maka ƙarya. Sensar ful-firem milimita 36 ce da 24, taka kuwa wajen 22 da 15, wato waccan ta ninka taka fiye da sau biyu wajen faɗin da ke karɓar haske. Inda za ka ga haka shi ne wajen dina, an rage fitilun hol sai shuɗi da ja na ta yawo, ka ɗaga ISO, wato saitin ƙara hasken hoto, zuwa 3200 hoto ya fito kamar an barbaɗa masa yashi, na kusa da kai mai ful-firem 5D Mark III nasa garau. Sai kuma wannan dushewar abin da ke bayan amarya a hoto da mata ke so, ta fi sauƙin samu a babbar sensa. Iyakarta ke nan fa.

Ni lokacin da na sayi ful-firem ɗina, na hannu, sai da na yi wata shida ina biyan bashi, bikin farko da na je da ita wallahi hotunan nan su ne dai irin waɗanda na saba kawowa, amarya a tsakiya kamar hoton fasfo, ƙawaye a jere kowa ta dafa kafaɗar kowa, illa dai yanzu kurakuraina sun fito tar. Wani dattijo da ya yi zamanin fim ya duba ya ce min, yaro kai kyamara kake kallo ba mutane ba. Na ji haushi ranar amma gaskiya ya faɗa. Wajen kamu ina can ina gyara saiti aka fesa wa amarya turare, gwaggonta ta fashe da kuka, na rasa duka biyun.

Ka nemi hotunan Malick Sidibé na Bamako ka kalla. Samari da 'yan mata ya riƙa ɗauka a wuraren rawa cikin dare a shekarun 1960, da kyamarar fim da filasha kawai, babu allon duba abin da ya ɗauka, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Venis ta Italiya. Mutumin ya san inda zai tsaya, kuma mutane sun sake da shi.

Sannan ka tambayi kanka ina hotunan naka suke ƙarewa. Mafi yawa WhatsApp da Instagram, su kuma matse hoto suke yi, megafiksel 18 ɗin da kake rainawa ko albam ya ishe shi har da na rataye a falo.

Da ni ne kai ba zan sayar ba tukuna. Wannan lens 18-55, wato gilashin gaba da ya zo da kyamarar, shi ne rabin matsalarka, ka sayi lens 50mm f/1.8, araha ne, a taka zai zama kamar 80mm, daidai hoton fuska. Ka haɗa da filasha guda, ka koyi harba ta sama ko bango maimakon cikin idon mutane. In Sallah ta zo ka je Hawan Daushe, ka tsaya inda ranar la'asar ke ratsa ƙurar dawakai ka gwada hannunka. Ranar da ayyukan dare suka yi maka yawa har kuɗinsu zai sayi ful-firem ba bashi, sai ka saya, amma ka sani wannan 18-55 ɗin ba ya hawa kanta, 50mm kuwa zai bi ka.

Turo min hotuna biyar da ka fi jin haushinsu in gani.