Wuyana na ciwo, yatsuna na dindiris: ko shanyewar jiki ce ke tafe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, likita. Ina zaune a Agege, ina aiki a wani ofishin fiton kaya a Apapa, kullum ina kan laftof tun safe har bayan Magariba. Wata huɗu ke nan dokin wuyana da kafaɗata ta dama suna ciwo, yanzu kuma babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna yin dindiris, har barci suke katse mini. Mai kemis ɗin layinmu ya ce sanyin ofis ne ya shige ni, yana ba ni haɗi in sha safe da yamma, wani lokaci ya yi mini allura. In na sha sai in ji garau, in na fasa kwana ɗaya ciwon ya dawo. Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina ya tashi. Shekarata 34.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ka lafiya. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa: abin da ka kwatanta bai yi kama da shanyewar ɓarin jiki ba. Ita farat ɗaya take zuwa, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa su saki. Ciwon da ya yi wata huɗu yana lallaɓowa, yana ƙaruwa da aiki, ya fi kama da gajiyar tsokar wuya da dannewar jijiya. Yatsun nan uku da ka lissafa jijiya guda ce ke kula da su, wadda ke ratsa wata matsattsiyar hanya a wuyan hannu, kuma tashin dare na daga cikin alamunta. Wani lokacin kuma daga wuya ake danne jijiyar. Sai an gwada ka hannu da hannu za a bambance.

Ni abin da ya ɗaga mini hankali a wasiƙarka ƙullin nan ne da kake haɗiya safe da yamma.

Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a shigo mini da maganar “sanyi” ba. Na'urar sanyaya ɗaki na iya sa tsokar da ta riga ta gaji ta ƙara ɗaurewa, amma babu wani sanyi da ke shiga ƙashi ya zauna har sai an kore shi da ƙwaya. An bar jaki ana dukan taiki. In marar lafiya ya kwance mini ledar haɗin a kan tebur, abin da na saba gani shi ne diclofenac, ga ibuprofen, wani lokaci har da piroxicam, sai farasitamol, sai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da aka ɓare daga katinta, ba suna ba kwanan wata. Ukun farko dangi ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illarsu kawai yake tarawa: suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. To ka ɗora wannan a kan rayuwar Legas. Mutum ya fito daga Agege bayan Asuba cikinsa ba komai, ya kora ƙwayoyin da ruwan leda guda a tashar mota, ya yi ta gumi a danfo cikin cunkoson Oshodi zuwa Apapa, ya kuma ƙi shan ruwa don gudun neman bayi a hanya. Ƙodar da ba ta samu ruwa ba, aka kuma ɗura mata waɗannan magunguna wata da watanni, ita ce ke kai matasa layin wankin ƙoda.

Ita kuwa 'yar ƙaramar ƙwayar sau da yawa dexamethasone ce ko prednisolone. Su ne ke sa ka ji garau, cin abinci ya buɗe, kumatu su ciko, mutane su ce hutu ya karɓe ka. A ƙarƙashin haka suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, garkuwar jiki na raguwa. Akwai masu zuwa mana da ƙugu ya lalace suna da ƙuruciyarsu, in aka bi diddigi sai a tarar shekara da shekaru suna kan irin wannan. Wasu masu kemis har tramadol suke jefawa a ciki, shi ya sa in ka fasa rana ɗaya jiki ke neman abinsa. Ka lura da kyau: abin da kake tsoro, wato ciwon da ya ɗauke Baba, hawan jini ne babban direbansa, kuma haɗin nan ya fi kwamfutarka kusantar da kai gare shi nesa ba kusa ba.

Allurar ma ba ta fi ƙwayar tsarki ba. Mutanenmu sun ɗauka allura ita ce magani na gaske, ƙwaya kuwa wasan yara. Diclofenac ɗin nan dai shi ne a cikin sirinji, illarsa ga ciki da ƙoda tana nan daram, an kuma ƙara maka haɗarin ƙurji, ko a soki jijiyar ƙafa in wanda bai iya ba ne ya yi. Lasisin mai ƙaramin kemis bai ba shi ikon yin allura ba, bai ba shi ikon sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Dokar na nan a rubuce, masu sa ido ne ba a gani a lungu. Haka nan masu yawo da jarka a tasha suna kirarin maganin sanyin ƙashi da basir da ciwon baya a kofi ɗaya, ba ka san abin da aka narka a ciki ba. Kada kuma ka miƙa wuyanka ga wanzami ko mai tausa ya murɗa har ya yi ƙas. Ta nan jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa suke bi.

Sai dai kada ka karanta wannan ka watsar da ƙullin yau-yau ka zauna a gida. Wanda ya yi makonni yana shan dexamethasone kullum, yanke shi lokaci guda na iya jefa shi cikin hatsari, a hankali likita ke janye shi. Ka ɗauki ƙullin yadda yake ka je asibiti gobe ko jibi, a auna jininka da suga, a duba ƙoda. In ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin da danƙo, ko kana aman jini, ko ƙafafu sun kumbura, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Yanzu ga asalin ciwon. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5, kwatankwacin galan ɗin ruwa mai lita biyar. Rungume shi a ƙirji ba wuya, amma miƙa hannu da shi ka ga minti nawa za ka yi. Haka tsokar ƙeyarka take wuni in ka sunkuya kan laftof. Laftof kuwa an ƙera ta ne fuska da kibod a manne, in hannu ya ji daɗi wuya ya wahala. Ɗora ta a kan bandir ɗin takarda biyu ko uku har saman fuskarta ya zo daidai idonka, nisan tsawon hannu daga gare ka, ka sayi kibod da maus na daban. A Computer Village da ke Ikeja kuɗinsu bai kai abin da ka kashe a kemis cikin watannin nan ba. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, kafaɗa a sake, wuyan hannu a miƙe ba a kan kaifin tebur ba, tafin ƙafa a ƙasa. In kujerar ofis ba ta tallafe ƙugu, naɗe tawul ka sa a bayanka. Ka daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kana bugawa, na san ku masu fito ba kwa rabuwa da kira.

Zama mai kyau ma in ya daɗe ciwo ne. Duk rabin awa ka miƙe, ko minti ɗaya ne: ja haɓa baya, haɗe allunan kafaɗa, buɗe yatsu ka girgiza hannu. Tashin Azahar da La'asar na taimakawa, amma biyu ba su isa wunin aiki ba. Ido kuma, duk minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. In ka shiga mota za ka koma gida, ka sa wayar a aljihu, wuyan ya riga ya yi aikinsa na ranar. Da dare kada ka kwanta a kan hannun, kuma takalmin wuyan hannu da ke riƙe shi a miƙe yakan rage dindiris ɗin barci.

Don gwajin jijiyar, akwai sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar gashi da motsa jiki, a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da na LASUTH a Ikeja wanda ya fi kusa da kai, da asibitin ƙashi na Igbobi. Za ka sha layi da yankar kati, ban ɓoye maka ba. In kuma na kuɗi za ka je, ka tambaya ko mai duba ka na da rajista da MRTB, hukumar da ke kula da masu aikin fisiyo. Amma in abu ya fara suɓucewa daga hannunka, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ko hannu biyu suka ɗauka tare da tangaɗi wajen tafiya, ko zazzaɓi da rama suka biyo bayan ciwon wuyan, ka faɗa musu tun a bakin ƙofa don kada a ba ka rana mai nisa.