Amsa: gudun fanfalaki don tsofaffin sojoji makafi

Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka tambayi yadda za ka shirya gudun fanfalaki na Landan don tara wa ƙungiyar Blind Veterans UK, mai taimakon tsofaffin sojoji makafi, kuɗi da sunansa.

Kilomita 42.195 ne, ana yi a Afrilu, to fara atisaye tun Disamba. Ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari a mako, gaggawa ce ke jawo ciwon ƙwauri da gwiwa. Gudun atisaye mafi tsawo, kilomita 32, yi shi ana saura mako uku a yi gasar, sannan ka sassauta.

Wajen kilomita 30 sukarin da tsoka ta adana yakan ƙare, ƙafafu su yi nauyi, don haka riƙa cin dabino biyu duk minti 40 tun da wuri. Sabon takalmi kuwa bororo zai fito maka da shi, saka wanda ƙafarka ta saba.