Na gudu daga lissafi, sai ga shi a soshiyoloji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni fa saboda lissafi na gudu daga ajin kimiyya na zaɓi soshiyoloji, sai ga shi tun zangon farko an ɗora mana kwas ɗin lissafi wai dole ne, su aljebra da kalkulas da matiriks. Don Allah me ya haɗa mu da wannan, kuma ta ina zan fara kar na faɗi? Daga wata ɗaliba 'yar aji ɗaya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai haɗin ya daɗe, tun 1897 Emile Durkheim, ɗaya daga cikin iyayen fannin naku na nazarin zamantakewar jama'a, da alƙaluma ya yi nazarin kisan kai a ƙasashen Turai. Duk wanda zai yi magana kan jama'a sai ya ƙirga su.

Duba wannan. Mutum biyar, kuɗin shigarsu 2, 2, 3, 3 da 90. In kin haɗa kin raba biyar 20 za ki samu, sai wani ya rubuta rahoto wai kowa na samun 20, alhali huɗu daga cikinsu ko kusa ba su kai ba, mutum ɗaya ne ya ja lissafin sama. Na tsakiya 3 ne, shi ya fi faɗin gaskiya. Wanda bai san wannan ba kullum sai an yi masa wayo da lambobi. Haka in al'umma na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 duk shekara, dabarar gano lokacin da za ta ninka ita ce ki raba 70 da 3, wato cikin shekara 23 da ɗoriya ta ninka, to makarantu da asibitoci fa?

Kalkulas kuwa sunan ne ke da ban tsoro, tambaya ɗaya yake yi, in wannan ya motsa kaɗan, nawa wancan zai motsa.

A ganina abin da ke kayar da ɗalibai aljebrar sakandare ce da suka baro a baya. Koma kan ɓangarori irin su 1/2 da 3/4, alamar ragi a gaban baka irin -(x + 2), da warware irin su 2x + 5 = 11 har sai hannunki ya saba. Kar ki karanta lissafi kamar labari, rufe amsar, ɗauki biro ki yi da kanki, ko tambaya biyar a rana. Inda kika maƙale ki sa alama ki kai wa malamin a darasi na gaba. Matiriks, wato lambobin da ake jerawa layi-layi kamar jadawali, bar shi tukuna sai aljebrar ta zauna.