Keken ɗinki, baƙin lalle da tattabaru: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga Zariya: Anti, barka da aiki. Na ɗan jima ina koyon ɗinki wajen maƙwabciyata, don sha'awa na fara, ina ɗinka wa yarana da kaina. Ƙarshen watan nan zan ɗauki adashi. Ƙawayena sun ce kada in ɓata kuɗi a kan baƙin keke na ƙafa, gara in cika in sayi babba na wuta irin na shago. Wanne zan ɗauka?

Amsa: 'Yar'uwa, ɗauki na ƙafa, kuma kada ki ji kin gaza. Babban keken da ƙawayenki ke nufi, irin su Juki na ƙasar Japan, an ƙera shi ne don telan da ke wuni a kan kujera. Yana iya zuba ɗinki sama da 5,000 a minti ɗaya. Hannun da bai gama sanin yadda ake juya wuyan riga ba, kafin ki ɗaga ƙafa ya cinye miki rabin yadi. Abin da kuma ba a cika faɗa wa masu saye ba shi ne, ɗinkin da yake yi miƙaƙƙe ne kawai, irin wanda baƙin keken ke yi. Sauri za ki saya da kuɗin, alhali ba sauri ne matsalarki yanzu ba. Ga maganar wuta. Ranar da aka ɗauke, ya zama tebur.

Baƙin keke kuwa, ko Butterfly na ƙasar Sin ko tsohon Singer, kamfanin da ke ƙera keke tun 1851, ƙirarsu kusan ɗaya ce, kuma babu garin da za ki rasa mai gyaransa. Ƙoshiya, kwarkwaro, bel da allura duk suna nan a kasuwa da araha. In kin ga ƙafa na gajiya nan gaba, ana ɗaura masa ƙaramin moto.

Ranar saye kada ki tafi hannu rabbana. Ki ɗauki ƙyallen atamfa, na shadda, na yadi mai santsi, da guntun wandon jins. Ki zauna ki taka da kanki. Bayan kin ɗinka, juya ƙyallen ki duba bayansa, domin nan gaskiyar keke take. In zare ya yi cunkus ko ya yi sako-sako a ƙasa, a gyara a gabanki ki sake gwadawa. In ya ƙi daidaita, tashi ki bar shi. Ki ninka jins ɗin biyu ki ga ko zai haye ba tare da ya tsallake ɗinki ba. Ki juya kan keken da hannu a hankali, ki saurara: lafiyayye tafiyarsa sumul take, babu inda yake cijewa. Wanda aka taɓa amfani da shi ba abin gudu ba ne, sau da yawa ma tsofaffin sun fi nauyin ƙarfe, amma ki tafi da makaniki ko da malamar taki. Ki kuma ƙwanƙwasa teburin, don akwai na matsattsen garin katako wanda da ya sha ruwa sai ya kumbura.

Abin da ya rage na adashin, ki zuba shi a almakashi mai kyau wanda ba za a yanka komai da shi ba sai yadi, da dutsen guga mai nauyi, da allurai: lamba 11 don yadi mara kauri, 14 don atamfa, 16 ko 18 don masu kauri. Man keke na ainihi za ki riƙa ɗiga masa. Man gyaɗa daskarewa yake a ciki ya kama ƙura. Wibin kuwa, wato ɗinkin kame bakin yadi don kada ya warware, ki ci gaba da kaiwa shago ana yi miki. Ranar da kika ga kayan mutane sun taru a ɗakinki ana saura mako biyu Sallah, kina kwana kina taka keke, to lokacin babban ya yi, kuma kuɗin ɗinkin ne zai saye shi.

Tambaya daga Maraɗi: Anti, tun ina makaranta nake zanen lalle, yanzu har amare ake kawo mini. Kowa baƙi yake so, ni ma dayis nake saye ina haɗawa. Kwanan baya wata da na yi wa ta dawo hannunta ya yi ƙuraje daidai kan zanen. Wane irin dayis ne mai kyau da zan koma saye?

Amsa: Ƙanwata, na so a ce ina da sunan da zan ba ki, amma babu dayis ɗin da zan ce ki ɗora wa fatar mutum. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Ja yake bayarwa, ya nuna ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Baƙin nan da ke kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, galibi daga wani sinadari yake da ake kira PPD, wanda aka yi don rina gashi. A ƙasashen Tarayyar Turai ko a man rina gashi ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma a can da Amurka duk ba a amince a yi zane da shi a fata ba. Wanda ake kwaɓawa a gida babu mai auna yawansa.

Abin da ya sami baiwar Allahn nan shi ne jikinta ya ƙi sinadarin. Ba lallai ya nuna a ranar ba, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, sannan ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa su fito su bi zanen filla-filla. Wasu tabon ke zama musu. Kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan, ko bayan shekaru ta rina gashi abin na iya tashi fiye da na farko. Ki neme ta ki faɗa mata wannan, ki ce ta je asibiti ta ambaci dayis da bakinta, kada ta fasa ƙurajen. Gwajin ɗan ɗigo a bayan kunne ma ba ya wanke ki, tunda abin yana jinkirin fitowa. Wanda ya rage a gidanki ki kawar da shi daga inda yara ke kaiwa, domin haɗiye shi na kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda. Likitocin Sudan sun daɗe suna fama da irin wannan.

Na san abin da ke ranki: in kin daina, masu zuwa za su koma wajen wata. Wasu za su koma. Amma amaryar da ta shiga ɗaki da hannu a kumbure, sunanki za ta riƙa kira duk inda ta zauna. Ki sayi garin lalle sabo, mai kore da ƙamshin ganye, ki tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi har sau biyu don kada ya toshe bakin leda. Ki kwaɓa da ruwan lemon tsami da ɗan sukari, ki rufe ya kwana. In kin zana, a bar shi awa 4 zuwa 6, a kankare ba tare da ruwa ba. Da farko za ki gan shi fayau kamar bai kama ba, sai bayan kwana biyu yake nuna. Don haka lallen amarya kwana biyu kafin ɗaurin aure ake yin sa. Iyayenmu da ke zura hannu a zunguru su kwana da ƙunshi sun san abin da suke yi: ɗumi da daɗewa ke sa lalle ya yi duhu. Mai son baƙi dole, akwai jagua, ruwan wani ɗan itace na Kudancin Amurka mai ba da baƙi-shuɗi, sai dai yana da tsada, kuma shi ma akan haɗa shi da wani abu, sai kin san wajen wa kika saya.

Abu ɗaya kuma: ko lalle na gaske ne, kada ki sa wa jariri. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman ga maza, kuma lalle na iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Tambaya daga Kano: Anti, ina son ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine, ƙofofin gari, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata. Wayata Tecno ce. In sayar da ita in cika in sayi kyamara?

Amsa: Ɗana, riƙe wayarka. Ginin ƙasa haske yake so, ba tsadar kyamara ba. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango a karkace, za ka ga zanen dagi da zankwaye sun fito da inuwarsu. Da tsakar rana komai shafewa yake, ko da wace na'ura. Goge gilashin kyamarar wayar kafin kowane ɗauka, musamman da hunturu, ka daina jawo hoto da yatsa, ka taka ka matsa. In za ka kashe kuɗi, katin ajiya na gaske da abin cajin tafi-da-gidanka sun fi maka amfani. A marina kuwa ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, mutane ne a bakin sana'arsu. In shekara ta zagayo kana nan kana fita, sai mu yi maganar Canon ko Nikon ta hannu.

Tambaya daga Gusau: Anti, ina rubuta gajerun labarai a waya, yatsuna har ciwo suke. Kwamfuta ta fi ƙarfina. Me zan yi?

Amsa: 'Yata, nemi ƙaramin allon rubutu mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfuta ba. Ki kuma saka Hausa a Gboard, manhajar madannin rubutu ta waya, don ki sami ƙ da ɗ da ɓ, ki daina barin mai karatu yana laluben abin da kike nufi. Ki riƙa rubutu a Google Docs ko ki aika wa kanki ta imel duk dare, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, tana nan. Ki gyara labari ɗaya da kyau ki aika.

Tambaya daga Katsina: Hajiya, na yi ritaya, zaman banza ya ishe ni. Ina yaro na yi kiwon tattabaru, ina son in koma. In sayi manya masu tsada na ado ko na gida?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, kun zaɓi abin da zai riƙa tashe ku da sassafe cikin nishaɗi. Ku fara da na gida, mata da miji kamar ƙafa biyu ko uku. Sun fi jure zafi da cuta, suna kuma renon 'ya'yansu da kyau, abin da wasu na adon ba sa iyawa. Ku sayi matasa waɗanda ba su daɗe da fara tashi ba, domin babbar tattabara gidanta na farko take komawa da zarar ta sami sarari. Ko matasan ma a kulle su kamar wata guda, suna ci suna sha a wurin, kafin a buɗe musu.

In da hali ku je gidan mai kiwon ku ga ɗakinsu da idonku, ya fi saye daga kejin kasuwa inda aka gwamutsa na ko'ina. Ku kama kowace ku duba: ido garau, ƙirji da tsoka, a buɗe baki a ga babu wani abu rawaya manne a maƙogwaro. Wadda ke zawo kore ko take murɗe wuya, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, tana iya kwashe sauran. Duk sabuwar da za ta shigo daga baya a ware ta mako biyu zuwa uku tukuna.

Kafin tsuntsayen ma, ɗakin za ku fara kashe wa kuɗi. A ɗaga shi sama inda mage da ɓera ba sa kaiwa, iska na ratsawa, ruwan sama ba ya bugu, kowace ƙafa da gurbinta har biyu, don sukan sake ƙwai tun 'yan shila ba su bar sheƙa ba. Ƙwai biyu suke yi, su kwanta kamar kwana 18, namiji da rana, mace da dare, 'yan shila kuma su isa cikin wata guda. Dawa da gero da ɗan wake sun ishe su, da tsakuwa ƙanana da ruwa mai tsabta kullum. Wajen shara a yayyafa ruwa tukuna a kuma rufe hanci, ƙurar kashinsu ba ta yi wa ƙirji daɗi, balle ga mai shekaru. Kashin ku tara wa masu lambu, taki ne mai ƙarfi. Ku kuma shaida wa maƙwabta tun kafin ku sake su, musamman masu shanya hatsi a tsakar gida.