Amsa kan takarar wakilci a hukumar makarantu a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada

Malama, kin tambaya ko za ki iya neman kujerar wakilci a hukumar makarantun yankinku. Za ki iya, matuƙar ke 'yar ƙasar Kanada ce, kin cika shekara 18, kina zaune a yankin hukumar, kin cancanci jefa ƙuri'a a zaɓen wannan hukumar, kuma babu wata doka da ta hana ki riƙe kujerar. Ana zaɓen tare da na ƙananan hukumomi duk shekara 4, kuɗin rajistar takara dalar Kanada 100. Kafin nan ki riƙa halartar zamansu, domin doka ta buɗe shi ga jama'a, sai dai batutuwa irin na ma'aikata da shari'a. Na taɓa ganin an zartar da kasafin kuɗi alhali kujerun iyaye babu kowa, abin ya dame ni ƙwarai. Ki fara da fassara wa iyayen da Turanci ke ba wuya takardun zaman.