Amsa kan faifan Prosperous na Christy Moore

Ɗan'uwa, ka tambaya ko faifan Prosperous, wanda mawaƙin ƙasar Ireland Christy Moore ya fitar a 1972, na siyasa ne ko na gargajiya zalla. A ganina ya haɗa duka biyun, sai dai gargajiyar ce ta fi rinjaye.

An ɗauki waƙoƙin ne a wani tsohon gida da ke ƙauyen Prosperous a gundumar Kildare ta Ireland, kuma daga wannan zama ne Moore da Andy Irvine da Dónal Lunny da Liam O'Flynn suka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Planxty. Siyasar ta fito fili a waƙar da aka yi kan James Connolly, jagoran ma'aikata ɗan gurguzu da sojojin Birtaniya suka harbe a kurkukun Kilmainham bayan tawayen Ista da 'yan Ireland suka yi wa mulkin Birtaniya a 1916, yana ɗaure a kan kujera domin raunin da ya ji ya hana shi tsayuwa. Akwai kuma waƙar mawaƙin Amurka Woody Guthrie kan kisan masu yajin aikin haƙar kwal a Ludlow ta Amurka a 1914, abin da ke nuna cewa damuwar Moore ta haɗa da talakan ma'aikaci ko a ina yake, har a wajen Ireland.